Kalmar "ishumar" da tushen tawaye a ƙasar Abzin

A wannan ɗan nazari za mu bi sawun kalma guda. A harshen Tamajak, "ishumar" ake kiran samarin Abzinawa da suka yi ƙaura zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai. Kalmar aro ce daga Faransanci, "chômeur", wato marar aikin yi. A ganinmu, wannan aro ya ƙunshi babban sashe na tarihin tawayen arewacin Nijar.

An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina garin Arlit domin ma'aikatansa, haƙar uraniyom ta soma a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, tare da garin Akokan. Manyan ayyuka na bukatar takardar lakwal da Faransanci, abin da akasarin makiyaya ba su samu ba. Saboda haka Turawa da ƴan kudu suka riƙe muƙamai, masu ƙasar kuwa galibi sai gadi da leburanci. Ana cikin haka farin 1973-1974 da na 1984-1985 suka karkashe dabbobi. Wanda ya rasa garke, ko dai ya kafa bukka a gefen Arlit, ko ya tsallaka iyaka.

Abin lura shi ne, makiyayi ba ya kiran kansa marar aiki sai ya ga ana biyan albashi kusa da shi, shi kuwa ba ya ciki. Talauci ya daɗe a Abzin, wariyar ce sabuwa.

Bayan kisan Cin-Tabaradan a watan Mayu na 1990, ishumar suka ɗauki makamai, ƙungiyar FLAA ta Rhissa Ag Boula ta bayyana a 1991, aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. A Fabrairun 2007 MNJ ta kai hari Iferwan, tana neman kaso mai tsoka daga kuɗin uraniyom, har zuwa 2009.

Ana iya kwatanta wannan da tawayen Naksal da ya ɓarke a Indiya a 1967, inda aƙidar Mao ta samu gindin zama cikin ƙabilun da aka mayar saniyar ware. Sai dai Abzinawa ba su ɗaga tutar gurguzu ba. A Nijar, Sawaba ta Jibo Bakari ce ta yi haka a 1964. Ke nan wariya ke haifar da mayaƙa, aƙida kuwa aro ce, kamar kalmar.

An rufe COMINAK a 2021, gwamnati ta karɓe SOMAÏR a 2025. Mai ma'adinai ya sake. Tambayar da ta rage ita ce: ɗan wa za a ɗauka aiki?