Kilishi ne alƙali

Wani ɗan bautar ƙasa ya tambaye ni makon jiya, wai me zan yi da tsohuwar tukunyar dafa robar haƙora da ke ƙarƙashin benci, tunda ga firintar buga haƙoran roba ta iso. Na ce ya bar mini ita, da ita zan tafi gida ranar da na ajiye aiki.

Da na baro makarantarmu ta koyon haɗa haƙoran roba a Enugu na zo Abuja, rabinta jar ƙasa ce. A Disambar 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Ogana a Garki, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda da gajeriyar dahuwa. Sai akirilik ta yi awa 8 cikin ruwa mai zafin digiri 74, kuma ta huce da kanta. In NEPA ta ɗauke wuta da tsakar dare, risho muke kunnawa mu kwana muna gadi. Na taɓa tsoma filas ɗin da akirilik ke ciki a ruwan sanyi don sauri, farantin haƙoran ya karkace. Oga bai ce uffan ba, ya dai miƙo mini kaki na sake daga farko.

Gogewa kuwa, a nan ya fi tsanani. Garin fumis da ruwa, sannan faifan tsumma mai juyawa. Sai ya rufe ido ya bi bayan farantin da babban yatsa. Yakan ce goro ba ya rufa wa malalaci asiri: duk inda ka bar kaushi, nan zai yi ja.

Ba na ƙin firinta. Fayil na nan, in haƙoran Alhaji sun ɓata a sake bugawa gobe. Amma abin da take fitarwa ɗanye ne, hawa-hawa, kowanne siririn gashin kai. Dole a wanke da sifirit, a gasa shi da hasken UV har lokaci ya cika. Yaran yanzu su gajarce lokacin gasawar, su shafa man ƙyalli a madadin gogewa, sannan su karanto mini megafaskal 65 da ƙa'idar ISO ta nema, kamar takardar ce za ta yi tauna.

Wancan watan wani dattijo daga Kubwa ya dawo da farantin haƙoransa na sama a ƙulle cikin hankici, ya rabu biyu ta tsakiyar ganɗa. Na tambaye shi me ya ci. Ya ce, "Malam, kilishi ne kawai, ɗan guntu."