Gini Mai Kare Zafi a Ƙasar Adar da Ƙonni

Gini mai kare zafi shi ne wanda bangonsa ke ɗaukar nauyin rufi, kuma ya hana zafin rana shiga ɗaki. A Amurka ana yin sa da alluna biyu na katako da aka manna wa kumfar roba a tsakani. An fara gwajin irin waɗannan alluna a cibiyar binciken katako ta Madison a 1935, sannan Alden Dow ya gina gidaje da masu kumfa a Michigan a 1952. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa kuwa, ƙasa ce ke yin wannan aiki tun kaka da kakanni. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi.

Tsarin gargajiya sananne ne: tubali, yaɓe, azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, da indararo don ruwan damina.

Ginin da ya fitar da sunan yankin shi ne masallacin Juma'a na Yaama. Wasu littattafai na ba shi shekarar 1962, wasu 1982, alhali kowanne ɓangare ɗaya na labarin ya kama. A 1962 dattawan garin suka ɗora wa Falke Barmu, magini kuma manomi, aikin gina masallaci. Ya yi shi mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a ciki, ba wani ado. Jama'a suka yi gayya, masu buga tubali na yi, masu kawo ruwa da itace na yi. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta dabam. Wannan kashi na biyu ne ya ƙare a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Don haka 1962 ce shekarar kafuwa, 1982 kuma shekarar da ya ɗauki kamannin da aka san shi da su.

A wannan tsakanin abubuwa biyu suka sauya aikin magina. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a shekarun 1960, ta kawo bulo kusa, kwano kuma ya zama alamar samu, duk da yakan mai da ɗaki tanda a watan Afrilu. Fari da saran itatuwa suka sa azara ta yi tsada. Saboda haka a 1980 ƙungiyar Development Workshop ta gwada gini ba katako a Chikal, kusa da Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla bisa dabarar maginan Nuba ta Masar.

Mataki na gaba yana Dandaji, cikin gundumar Illela. A 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma. An mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji. Zanen ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a rukunin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, wato kamfanin siminti ne ya karrama ginin ƙasa.

Ga mai gini a wannan yanki, allon kumfa kaya ne na shigowa daga waje, ƙasa kuwa a bayan gari ake haƙo ta. Kuɗin da take nema na yaɓe ne bayan damina.