Lalacewar madubin tsohuwar kyamarar fim: yadda ake gane ta da yadda ake gyara ta

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Dutse ta zama babban birninta, duk hoton da aka ɗauka a wajen rantsuwa, naɗin sarauta ko Hawan Sallah a fadar Garu, da kyamarar fim aka ɗauke shi. Bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar kyamarorin zamani, sai aka jingine waɗannan na'urori. Har yanzu akan ci karo da su a durowar ofis, a akwatin gado, ko a shagon tsohon mai hoto a Dutse, Birnin Kudu, Kiyawa da Jahun.

Wanda ya ɗauko irin wannan kyamara ya leƙa cikinta, sau da yawa duhu da ɗige-ɗige zai gani, sai ya yanke hukuncin cewa madubi ya mutu. Akasari ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ake ɗora wa madubin laifin datti ne da ruɓaɓɓen soso, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa takan fito ne daga hannun wanda ya yi gaggawar gogewa.

Aikin madubin

A kyamarori masu ido ɗaya, irin su Pentax K1000 da Canon AE-1 da suka fito a 1976, da Yashica FX-3 da Zenit ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, madubin yana bayan gilashin gaba, a karkace bisa kusurwar digiri 45. Hasken da ya shigo yakan doki madubin ya haura sama zuwa wani siririn allo da ake saita hoto a kansa, daga nan ya ratsa wani dunƙulen gilashi da ke cikin tozon kyamarar, sannan ya iso tagar leƙe.

Da zarar an latsa maɓalli, madubin yakan ɗaga sama, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan fim, sannan madubin ya komo mazauninsa. Ma'ana, a daidai lokacin da ake ɗaukar hoto madubin ya kauce daga hanya. Saboda haka tabo ko ƙurar da ke kansa ba ta fitowa a hoto. Abin da take ragewa shi ne hasken da mai ɗauka ke gani, wani lokaci kuma ta ruɗa ma'aunin haske.

Akwai kuma bambanci babba tsakaninsa da madubin ɗaki. Na ɗaki, ƙarfen da ke maido da haske yana bayan gilashi, a kāre. Na kyamara kuwa a fuskar gilashin aka shafa shi, domin kada hoto ya riɓanya biyu. A tsofaffi sosai azurfa ce, a na baya-bayan nan alminiyam, kuma kaurin shafin bai kai ko kusa da silin gashi ba. Gefen riga ko takardar goge hannu sun isa su kankare shi.

Abubuwan da ke lalata shi

Na farko shi ne soso. A saman ɗakin madubin akwai ɗan siririn soso da ke tare shi idan ya ɗaga, don rage ƙara da girgiza. Bayan shekara ashirin ko talatin, soson yakan narke ya koma baƙin danƙo kamar kwalta, ko ya marmashe. Duk ɗagawar da madubin ya yi, sai bakinsa ya kwaso danƙon, ɓarɓashin kuma ya watsu kan allon saiti.

Na biyu zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Dutse yakan haura digiri 40, cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano ko cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana gaggauta ruɓewar soso, yana busar da man da ke cikin ƙarafa, yana kuma sassauta gam ɗin da ke riƙe da madubi. An san wasu samfuran Yashica da Contax da wannan larura, inda madubin ke zamewa ƙasa sannu a hankali har bakinsa ya riƙa dukan bayan gilashin gaba.

Na uku laima ce. Daga Yuni zuwa Satumba, kyamarar da aka bari cikin jakarta ta fata takan kama funfuna, wadda ke bayyana kamar saƙar gizo-gizo. Idan ta daɗe takan ci shafin da ke kan gilashi, ta bar tabo ko bayan an cire ta. Laima kuma ita ce ke sa azurfa ta yi baƙi tun daga gefe.

Na huɗu ƙurar hunturu ce. Ita kanta ba ta cin madubi, amma akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta, kuma idan aka goge ta a bushe sai ta yi aikin sanfefa. Hayaƙin turaren wuta da na girki ma sukan bar wani maiƙo da ke dusashe ƙyallin.

Yadda ake gano inda matsalar take

A cire gilashin gaba a wuri mai haske da babu iska, a haska ciki da fitilar waya daga gefe, ba tare da an taɓa komai ba. Sannan a leƙa ta taga ana fuskantar farin bango.

Idan ɗigon ya fito tar da kaifinsa, ba a kan madubi yake ba, yana kan allon saiti ne, domin ido ba ya iya tantance abin da ke kan madubin daga taga. Idan kuwa baƙin layi ne ko tabo mai kama da ƙuna, alhali madubin da allon suna da tsabta, to shafin dunƙulen gilashin sama ne ya lalace. Olympus OM-1 ta 1972 ta yi suna da wannan, saboda soson da aka ɗora a kan gilashin yana cin shafinsa idan ya ruɓe.

Idan madubin ya yi hazo baki ɗaya, maiƙo ne ko hayaƙi. Idan akwai baƙin danƙo a bakinsa na gaba, soso ne. Idan kuma akwai wuraren da ake hango bayansa ta cikinsu, ko gefen ya yi baƙi yana ɓarewa, wannan ita ce lalacewar madubi ta haƙiƙa. Sai dai a lura, a kyamarorin da ke saita hoto da kansu, da gangan aka yi tsakiyar madubin yadda haske zai ɗan ratsa.

Madubin da ya maƙale a sama yana da dalilai uku da aka fi sani: danƙon soso ya riƙe shi, mai ya bushe, ko batir ya mutu. Canon AE-1 ba ta aiki sam sai da batir mai bolt 6, ita kuwa K1000 batir ɗinta na ma'aunin haske ne kawai. Kukan da AE-1 ke yi kamar tari idan an latsa ta alama ce ta bushewar mai a ƙarafan da ke rage gudun madubin.

Matsala ɗaya ce ke shafar hoto kai tsaye, wato idan madubin ya goce daga kusurwarsa. A nan mai ɗauka zai ga hoto ya saitu a taga, amma idan an wanke fim ya fito dishi-dishi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a murɗa gilashin gaba zuwa alamar nesa mafi ƙurewa, a dubi kan ɗaya daga cikin duwatsun da ke kewaye da gari ko dogon ƙarfen sadarwa. Idan bai fito da kaifi ba, a sake gwadawa da wani gilashin. Idan sakamakon bai canza ba, madubin ko allon ya goce.

Abin da mutum zai iya yi da kansa

A fara da famfon roba mai hura iska, a kifa bakin kyamarar ƙasa don ƙura ta zubo. Kada a hura da baki, kada kuma a yi amfani da iskar mai faci. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Sauya soso aiki ne na haƙuri. A ajiye kyamarar a tsaye, a rufe madubin da 'yar takarda, a kankare tsohon soson da tsinken sakace, sannan a share ragowar danƙon da auduga mai ɗan damshin sifirit irin na masu gyaran waya. Wajibi ne kada sifirit ya taɓa allon saiti, domin a yawancin waɗannan kyamarori na roba ne, kuma tabonsa ba ya fita. Bayan wurin ya bushe, a yanka sabon soso baƙi mai taushi, mai kaurin milimita biyu zuwa uku gwargwadon samfurin, a manna shi daidai inda tsohon yake. Wanda ya yi kauri da yawa zai hana madubin ɗagawa sosai, har inuwarsa ta fito a gefen hoto.

Shi kansa madubin, a taɓa shi ne kawai idan danƙo ko maiƙo ya hana gani. A jiƙa auduga mai tsabta da ɗigo ɗaya, a ja ta sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba, a jefar, a ɗauko sabuwa. Idan tabo ya ƙi fita bayan ja biyu ko uku, a ƙyale shi. Tabon da ba ya fitowa a hoto bai kai a yi asarar madubi dominsa ba.

Abin da ya kamata a bar wa gwani

Zamewar madubi, gocewar kusurwa, bushewar mai da lalacewar gilashin sama duk suna buƙatar a buɗe kyamarar. Masu gyaran agogo da na waya suna da ƙananan kayan aiki da nutsuwar hannu, amma saitin madubi yana buƙatar wanda ya san kyamara. Mazauna Dutse da kewaye sukan fi samun irin waɗannan masu gyara a Kano, kuma tsofaffin masu hoto su ne suka fi sanin wanda ya rage a sana'ar. Kafin a miƙa, a tambayi mai gyaran da me zai manna madubin. Idan ya ce sufa gulu, a karɓo kaya, domin tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi.

Shafin da ya ɓare ba ya komawa da gogewa. Sabunta shi sai a masana'anta, cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, kuma kuɗin yakan fi darajar kyamarar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro madubi daga matacciyar kyamara iri ɗaya. A kyamarori masu ido biyu, irin su Yashica Mat da Seagull ta ƙasar Sin da aka yi aiki da su a situdiyo, madubin ba ya motsi, don haka sauya shi ya fi sauƙi, muddin kaurinsa ya zo daidai kuma aka sake saiti.

Ajiya da saye

A fitar da kyamara daga jakar fata, a cire batir, a sa ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. A nisanta ta da kafur, turare da jikin bangon da rana ke duka. Sau ɗaya a wata a fito da ita a latsa ta sau goma, domin mai ya zagaya.

Ga mai saye a wajen 'yan gwanjo kuwa, ƙura da ruɓaɓɓen soso dalili ne na neman ragi, ba na fasa ciniki ba. Abin da ya kamata ya sa a haƙura shi ne funfuna a cikin gilashin gaba, yagaggen labule, ko madubin da ke cike da zanen gogewa, domin wannan shaida ce cewa wani hannu ya riga ya shiga ciki ba da sani ba.