Yadda Aka Gina Haikalin Hindu na Neasden a Birnin Landan

A ran 20 ga watan Agusta, 1995, aka buɗe wani babban haikali na mabiya addinin Hindu a unguwar Neasden, arewa maso yamma da tsakiyar birnin Landan. Tarihin wannan gini ya cancanci nazari, domin yana nuna yadda al'ummar da ƙaura ta tarwatsa take kafa kanta a baƙuwar ƙasa.

Yawancin waɗanda suka gina shi 'yan asalin Gujarat ne ta ƙasar Indiya, kuma da dama cikinsu daga Afirka ta Gabas suka zo Ingila, musamman bayan da Idi Amin ya kori Indiyawa daga Yuganda a 1972. Tun 1970 suna ibada a wani tsohon coci a Islington, sa'an nan suka koma wani ɗakin ajiyar kaya a Neasden. Da zama ya yi zama, shugabansu Pramukh Swami Maharaj ya umarce su da su yi ginin dutse irin na kakanninsu.

A nan fa matsala ta taso. Ƙa'idojin gini na tsoffin littattafan Hindu ba su yarda a sa ƙarfe ya riƙe haikali ba. Dutse ne zai ɗauki dutse. Ga shi kuma masu wannan sana'a ba a Ingila suke ba, suna Gujarat da Rajasthan, inda suka gaje ta kaka da kakanni. Saboda haka sai aka kai dutsen wurin masassaƙa. Aka haƙo dutsen farar ƙasa kimanin tan 3,000 a Bulgeriya, domin yana jure sanyi da ruwan saman Ingila, da farin marmara kimanin tan 2,000 a Italiya, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Masassaƙa fiye da 1,500 suka sassaƙa su gunduwa-gunduwa har fiye da 26,000, kowace da lambarta. Daga nan aka mayar da su Landan, aka haɗa su bisa tsarin C. B. Sompura, wanda shi ma magajin gidan magina ne.

Kuɗin aikin daga aljihun mabiya ya fito, har yara suka riƙa tsintar gwangwanayen lemo ana sayarwa. Amma da gidajen masassaƙan nan sun bar sana'arsu ta mutu, da dukiyar ba ta amfana kome ba. Mutanen da aka taɓa kora cikin kwana 90 sun kafa ginin da aka yi shi domin ya daɗe ɗaruruwan shekaru.