Masu Ritaya da Ƙirƙirarriyar Basira a Karkarar Maraɗi: Nazari a kan Baudeta

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda za a koya wa masu ritaya amfani da ƙirƙirarriyar basira a ƙaramar hukumar Baudeta, wadda takardun hukuma ke rubutawa Baoudetta, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi. Hujjarta ita ce, mai ritaya a wannan karkara shi ne mai karanta wa jama'a takarda, don haka horon da ya fi buƙata shi ne na tantance amsar na'ura kafin ya isar da ita.

Gabatarwa

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, yawancin rubuce-rubucen da ake yi kan tsofaffi da wannan fasaha suna ɗaukar tsoho a matsayin wanda zamani ya bari a baya, yana zaune shi kaɗai. Wannan hoto na Turai da Amurka ne. A ƙasar Tasawa da Mayahi, tsohon mushe, wato malamin makaranta, ko malamin asibiti ko soja da ya ajiye aiki, yana karɓar fanshonsa daga hukumar CARENI ko CNSS, yakan koma gida ya kama noman gero da wake da gyaɗa. Ƙofar gidansa kuwa ba ta rabuwa da mutane: wannan ya kawo takardar likita, wancan takardar sayen gona, wani saƙon ɗansa da ke ci-rani. Kuskuren da ya shiga wayarsa zai iya zagaye unguwa kafin la'asar.

Matsalar harshe

Nan ne gizo ke saƙa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna koyon harshe ne daga tarin rubutu, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, kamfanin Meta kuma ya sa ta cikin harsuna 200 na shirinsa NLLB a 2022. Sai dai mafi yawan Hausar da ke intanet daidaitacciya ce mai tushe a karin Kano, ta jaridu da gidajen rediyo, kuma aronta daga Ingilishi yake. Hausar kasuwar Tasawa daga Faransanci take aro. Lakwal da mushe da farfe kalmomin yau da kullum ne a can, amma ƙalilan ne a rubuce.

Lissafin kuɗi ya fi komai nuna haɗarin. A Nijar dala ɗaya tana nufin sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000. A labaran da na'ura ta koya, dala kuɗin Amurka ce. Dattijon da ya nemi manhaja ta lissafa masa bashin taki da dala zai iya samun amsa mai tsari, cikin ladabi, wadda ba ta da alaƙa da abin da ke aljihunsa. Ga kuma rubutun boko da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, inda fari na rashin ruwa da fari na launi suke fitowa iri ɗaya.

Abin da ya ba ni damuwa shi ne, ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci zai fi samun amsa ingantacciya idan ya yi tambaya da Faransanci, a ƙasar da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A yanzu, hanya mafi aminci ita ce ya tambaya da Faransanci, ya fassara wa jama'a da bakinsa.

Darasi daga yaƙi da jahilci

Nijar tana da gogewa a nan. Shirin ABC da aka gudanar a jihohin Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka nazarta, ya haɗa koyar da manya karatu da koyon amfani da wayar salula. Waɗanda aka koya wa waya sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Abin lura a wurina shi ne, sun sami abin da za su yi da karatun kullum, kamar aika saƙo ga dangi. Horon ƙirƙirarriyar basira ma ya kamata ya fara daga takardar da ke hannun dattijo: wasiƙar neman haƙƙinsa na fansho, ko bayanin da ke jikin kwalin magani.

Tsarin horo

Darasin farko ya zama na kama na'ura da kuskure. A sa dattijo ya tambaye ta abin da ya fi ta sani, kamar ranar kasuwar garinsu ko lokacin shukar gero a ƙasarsu, ya ga da idonsa yadda take ƙaga amsa ba tare da ɗar ba. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai canja adadin maganin hawan jini ko ciwon suga a kan maganarta ba, sai ya je asibiti.

Na biyu shi ne damfara. Saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙar karkara, kuma yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk muryar da ta nemi a tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a kashe, a kira mai ita a lambar da aka sani, kuma kada a ba kowace manhaja lambar sirri.

Wurin horon ba sai an gina shi ba. Majalisar dattawa bayan sallar la'asar ta isa, da waya ɗaya mai caji da kuɗin intanet na rukuni, mata masu ritaya kuma a tsakar gida da nasu zaman. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke zuwa hutu gida za su iya koyarwa, su kuma rubuta duk kalmar Tasawa da na'ura ta kasa ganewa, domin masu gina manhajojin Hausa su sami abin gyara.