Jagoranci ga ɗaliban nazarin doka da al'ada: me ake nufi da shi, kuma ina ake samunsa?

Fannin da ake kira anthropologie juridique da Faransanci shi ne nazarin yadda jama'a ke rayuwa da doka a zahiri: wa ake kai wa ƙara idan an yi rikicin gona, yaya ake raba gado, kuma me ke faruwa idan hukuncin kotu ya saɓa da na sarki ko na liman. Mai wannan nazari yakan karanta kundin doka, amma yawancin aikinsa zama ne a zaure da fada da harabar kotu yana saurare. Bahaushen zangon Kumasi ko na unguwar Briqueterie a Yawunde ya san abin da ake nufi, domin magana ɗaya kan iya bi ta hannun sarkin Hausawa da limamin unguwa kafin ta kai ga alƙalin gwamnati.

Jagora a nan shi ne gogaggen mai bincike da ke riƙe hannun ɗalibin digiri na biyu ko na uku, ko wanda bai daɗe da kammala doktora ba, har ya tsaya da ƙafafunsa. Ya bambanta da malamin da jami'a ta ɗora wa duba kundi. Shi wancan yana da sa hannu da maki, aikinsa kuma yakan ƙare ranar kare kundi. Jagora yana iya zama a wata jami'a ko wata ƙasa, kuma shi ne wanda ɗalibi zai iya nuna wa rubutun da bai nuna ba tukuna ba tare da fargaba ba.

Abin da ya sa buƙatar ta fi tsanani a wannan fanni shi ne ya faɗo tsakanin gidaje biyu. Tsangayar shari'a tana koyar da fassarar nassin doka, ba ta cika tura ɗalibi ƙauye ba. Sashen nazarin al'umma yana tura shi, amma sau da yawa ba ya koya masa karanta hukuncin kotu.

Matsalar fassara

Tsohuwar muhawarar fannin ta shafi kowane ɗalibi Bahaushe kai tsaye. A 1955 Max Gluckman ya wallafa bincikensa kan kotunan Barotse a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, inda ya bayyana su da kalmomin shari'ar Turawa. A 1957 Paul Bohannan ya fitar da nasa kan shari'ar Tibi a Nijeriya, ya dage cewa sai an fahimci tsarin mutane da kalmominsu kafin a kwatanta shi da na wasu. Har yau ba a rufe wannan magana ba.

Ɗauki maganar gona. Aro daban, haya daban, jingina daban, kyauta daban, kuma kowanne yana da abin da yake wajabta wa ɓangarorin biyu da magadansu. Ɗalibin da ya yi hira da Hausa, ya koma ya rubuta da Faransanci, yana iya mayar da jingina hypothèque, alhali a jingina gonar tana komawa hannun mai kuɗi ya noma ta har a fanshe ta, abin da kalmar Faransancin ba ta ɗauke da shi. Kuskure ɗaya irin wannan yana iya karkatar da babi guda. Jagora nagari zai sa ɗalibi ya ajiye kalmar Hausar, ya tara misalan yadda aka yi amfani da ita a rikici na gaske, sannan ya nemi fassara. Jin harshe babbar dama ce, sai dai tana da tarko: ɗan gida yakan ɗauka ya riga ya sani, sai ya ƙi yin tambayar da baƙo zai yi.

Inda ake samu

Mafi kusa ga masu karatu da Faransanci ita ce cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, mai reshe a Paraku ta ƙasar Benin. Cikin sanannun masu bincikenta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, wanda ya yi rubutu kan cin hanci a harkar shari'a a Nijar. Cibiyar takan shirya horon da take kira université d'été ga matasan masu bincike na Afirka, rahotanninta kuma suna intanet kyauta. Abin da ya fi jan hankali shi ne salon binciken haɗin gwiwa da ake kira ECRIS, wanda Olivier de Sardan da Thomas Bierschenk suka tsara: manya da ƙanana su fita fage tare na 'yan kwanaki, su dawo su baje abin da kowa ya jiyo a tattauna. A nan ne sabon shiga ke ganin yadda gwani ke yin tambaya, da yadda yake yin shiru.

A Dakar akwai CODESRIA, wadda aka kafa a 1973, mai shirya tarukan horon bincike ga matasa. A Faransa, Michel Alliot ya kafa cibiyar LAJP a Paris a 1963, daga baya Étienne Le Roy ya jagorance ta, kuma ta horar da 'yan Afirka da dama kan dokar filaye. A Jamus, cibiyar Max Planck da ke Halle tana da sashen doka da nazarin al'umma da Marie-Claire Foblets ta fara jagoranta a 2012. A Amurka kuwa ƙungiyar APLA, mai fitar da mujallar PoLAR, takan haɗa ɗalibai da manyan malamai a zaman bita lokacin babban taron shekara-shekara na masana nazarin ɗan Adam, tana kuma ba da kyautar maƙalar ɗalibi. Wannan ta ƙarshe sai mai jin Ingilishi, ga kuɗin jirgi da wahalar biza.

Abin da ya kamata a daidaita tun farko

A ƙasashen da ke cikin CAMES, hukumar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ƙarin girman malamin jami'a yana bin fanni ne. Malaman shari'a suna da gasar agrégation, masu nazarin al'umma kuma kwamitinsu daban. Wanda ya rubuta kundin da ya raba ƙafa yana iya tarar da cewa kowane ɓangare na kallonsa a matsayin ɗan wancan. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa jagora tun shekarar farko: a wane sashe za a yi rajista, su wa za su zauna a kwamitin kare kundi, a waɗanne mujallu za a wallafa.

Sai maganar suna. Ba sabon abu ba ne ɗalibin da ya yi tafinta, ya ɗauki hirarraki, ya rubuta su, a ƙarshe ya ga sunansa a layin godiya kawai. A yi magana a fili kafin a fita fage: wa ke da bayanan, kuma sunan wa zai hau maƙala.

Mafi nauyi shi ne kare waɗanda aka yi hira da su. Rikicin gona ko na gado ba ya mutuwa don an rubuta kundi, kuma a zango ko ƙaramin gari sauya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, tunda girman gonar da yawan magada sun isa a gane shi. Ga 'yan tsiraru da wasu ke yi wa kallon baƙi, magana kan yadda iyali ya mallaki fili tana iya komawa hujja a hannun abokin hamayya. Jagora ne zai nuna abin da za a sauya, abin da za a bari a littafin ajiya, da abin da ba za a naɗa a waya ba sam.

Wanda zai rubuta wa malamin da bai taɓa gani ba, ya fara karanta aƙalla maƙalarsa ɗaya, ya haɗa shafi biyu kan bincikensa, ya yi tambaya ɗaya takamaimiya. Wasiƙar da ta nemi taimako a dunƙule ba ta cika samun amsa ba.