Labarin Fanisau

Wanda ya fita birnin Kano ya nufi arewa, ya wuce filin jirgin sama, ba zai yi nisa ba sai ya hango waɗansu duwatsu sun taso a tsakiyar gonaki. A gindin duwatsun nan garin Fanisau ya ke, a cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Gari ne ƙarami, mai tafiya a ƙasa ya kan bar birni da hantsi ya isa kafin azahar. Amma duk ƙanƙantarsa, ba a ba da labarin Kano a ƙare ba a ambace shi ba, gama shekara da shekaru shi ne garkuwar birni ta wajen arewa, shi ne kuma ɗaya daga cikin rumbunanta.

Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa mai sauƙin noma. Damina ta kan kama daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa rani ne. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa. A cikin gonaki akwai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, waɗanda manoma su kan bari da gangan saboda amfaninsu. Tun da mutane sun yi yawa, ba a barin gona ta huta, taki ne ke riƙe da ita. Saboda haka a zamanin da, da rani, sai a ga jakuna a jere sun shiga birni da itace, sun komo da mangaloli cike da taki. Watau birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni.

Fanisau tsohon mazauni ne ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda, ya ce ɗaya daga cikin manyan mabiyan Barbushe a can ya ke zaune. Mutanen lokacin nan sun fi son zama kusa da dutse, don in an kawo musu hari su sami mafaka.

Amma garin bai yi suna sosai ba sai bayan jihadi. Sarkin Kano na farko a cikin Fulani, Sulaimanu, ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo. Da hawansa sai manya da yawa suka ƙi yi masa mubaya'a. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku, wanda ke da ƙarfi a ƙasar arewa, wajen Dambatta da Kazaure. To, da ya ke Fanisau na tsakanin birni da ƙasar Ɗan Tunku, sai Dabo ya mai da shi ribaɗi, watau garin tsaro inda mayaƙa ke zaune da iyalinsu, suna noma suna gadin iyaka. Aka yi wa garin ganuwa, aka gina gidan sarki da masallaci.

A cikin wannan hali ne wani Bature ɗan Birtaniya, mai suna Kilafaton, ya iso Kano a watan Janairu na 1824. Bai tarar da Sarki a birni ba, sai da ya hau ya tafi Fanisau, inda Dabo ya yi sansani, sa'an nan suka gana. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar, Kazaure ta zama ƙasa mai sarkin kanta, tana bin Sakkwato. Duk da haka tsaron arewa bai ƙare ba, don a ƙarshen ƙarnin nan mayaƙan Damagaram sun riƙa kawo hari ƙasar Kano ta wannan fuska.

Mayaƙa da dawaki sai da abinci. Don haka aka buɗe manyan gandaye a kewayen Fanisau, na Sarki da na attajiran birni. Waɗanda suka noma gandayen nan bayi ne, yawancinsu an kamo su wajen yaƙi, an raba su da danginsu. Bawa ya kan yi aikin gandu daga safe har azahar, kana ya juya ga 'yar gayaunarsa. Wani ya kan yi murgu, watau ya riƙa biyan ubangidansa wani abu don a bar shi ya yi sana'ar kansa, in ya tara kuɗi ya fanshi kansa. Hatsin da ya ci da fada, da baƙi, da dawakin yaƙi, da gumin mutanen nan aka same shi.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Aka hana kamun bayi da cinikinsu, amma ba a kashe bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai 1936. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ba ta da sauran aiki, ta yi ta zubewa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman kewayen birni suka dukufa a kanta, har aka riƙa tara buhuna dala-dala a Kano. Wannan ciniki ya yi shekara sittin yana ci, kafin fari da cutar gyaɗa su karya shi a tsakanin 1973 da 1975.

Yanzu abin da ya tunkaro Fanisau ba ta arewa ya fito ba, ta kudu ne. An buɗe filin jirgin sama a 1936, tun daga nan birni ya ke ta matsowa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Ungogo sun haura 360,000, da yawansu kuwa a birni su ke neman abinci, ba a gona ba. Gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa taki, ana yanka su fuloti-fuloti ana gini. Manomin da ya sayar ya kan karɓi kuɗi masu kauri a rana ɗaya, amma 'ya'yansa ba su da inda za su kai fartanya.

Gidan sarki na Fanisau yana nan har yanzu. Daga gare shi ne aka sami al'adar hawan Fanisau, wadda Sarkin Kano kan fita da hakimansa a cikin kwanakin Salla, ya yini a can, ya komo birni da yamma. Hanyar da dawakin ke bi, da gonaki ta ke ratsawa, yau kuwa yawancinta gidaje ne dama da hagu.